Ofis babu aikin yi, albashi na shigowa: a zauna ko a ajiye?

Abu_Safwan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga maganar da nake so mu tattauna, don ta yi yawa a tsakanin matasan da suka samu aikin gwamnati. Mutum ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, an sha fama an samo masa takardar ɗaukar aiki a matakin albashi na 08, gida an yi murna. Bayan shekara uku ko huɗu sai ka tarar da shi ya yi sanyi. Ya zo ƙarfe tara ya sa hannu a rijista, babu fayil a teburinsa, wani ma teburin babu, a yi hira a gindin bishiya, a yi azahar, a watse. Albashi na shigowa, amma in ka tambaye shi me ya tsinana wa jama'a a watan nan ba shi da amsa, kuma abin yana cin sa a rai. Irin wannan ya ajiye ya nemi abin da zai ji yana da amfani, ko akwai gyara daga ciki? Don Allah masu sani a yi mana bayani dalla-dalla, kada a tsaya a "ya yi haƙuri".

Bakatsine84:
Wa alaikumus salam. Kada ya kuskura ya saki reshe ya kama ganye. Dubban masu digiri suna neman kujerar da yake rainawa.

Tsohon_Akawu:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Safwan, kafin a kai ga zama ko ajiyewa sai an gano ciwon tukuna, domin "aikin nan ya ishe ni" magana ɗaya ce amma abin da ke ƙarƙashinta ba ɗaya ba ne. Akwai wanda albashinsa ne ba ya kai shi 15 ga wata. Wannan kuɗi ya rasa, kuma ko an kai shi aikin da ya fi so, muddin kuɗin bai ƙaru ba ƙorafin zai bi shi can. Akwai wanda ba a ba shi abin yi ba, shi ne wanda ka kwatanta. Akwai kuma wanda aiki na nan jingim amma ba fanninsa ba ne, ya karanci aikin gona an ajiye shi a sashen mulki yana buga takardun hutu.

Hanyar rarrabewa ba ta da tsada. Ya sayi ƙaramin littafin rubutu, ya yi mako huɗu cur kullum kafin ya tashi daga ofis yana rubuta abin da ya yi, awa nawa ya ci, da wanda ya amfana, sunan mutum ko na ofis. Duk aikin da lokaci ya tafi bai ankara ba ya sa masa alama a gefe. Ƙarshen wata ya zauna ya haɗa. In awannin aiki na gaske ba su kai goma ba a mako, matsalarsa zaman banza ce. In awanni sun cika amma gurbin "wa ya amfana" fayau yake, to bai taɓa ganin inda aikinsa ke zuwa ba. In duka biyun a cike suke kuma har yanzu ransa a ɓace, ya duba aljihu ko ya duba shugaban da ke kansa. Inda ake ɓata abin shi ne a riƙa rubuta yadda ake ji maimakon abin da aka yi, ko a yi shi mako ɗaya kawai, musamman makon ƙarshen wata da komai ke yi wa mutum baƙi.

Malama_Rabi:
Na goyi bayan Baba Akawu, kuma masu binciken halayyar ma'aikata sun daɗe a kan wannan. Tun 1976 wasu masana biyu a Amurka, Hackman da Oldham, suka fitar da siffofi biyar da ke sa ma'aikaci ya ji aikinsa ya kai aiki: ya kasance yana amfani da gwaninta iri-iri, yana kama abu daga farko har ya ga ƙarshensa, abin yana taɓa rayuwar wasu, yana da ɗan 'yancin yanke yadda zai yi shi, sannan yana samun labarin ko ya yi kyau ko bai yi ba. Ku auna matashin da Abu Safwan ya kawo. Ko ɗaya babu. Don haka ba lalaci ba ne kuma ba butulci ba ne, duk wanda aka ajiye haka zai ji abin da yake ji.

Wanda ya fi shafar tambayar shi ne aikin Wrzesniewski da Dutton na 2001. Sun duba masu shara da goge-goge a wani asibiti, aiki ɗaya, albashi ɗaya. Wasu suna yin abin da aka rubuta musu kawai suna jiran lokacin tashi. Wasu kuwa sun ƙara wa kansu abin da ba a rubuta ba: suna lura da majinyacin da babu mai zuwa duba shi, suna tsara sharar yadda ba za ta takura wa nas ba, suna nuna wa baƙi hanya. Rukuni na biyun sun ɗauki kansu cikin masu jinya, kuma sun fi jin daɗin aikin. Abin lura, babu wanda ya canza musu muƙami. Abin da suke yi da waɗanda suke hulɗa da su suka canza.

Bakatsine84:
Malama, wannan asibitin Turawa ne. A ma'aikatarmu ka ƙara wa kanka aiki a ce kana neman kujerar wani.

Mai_Fayil:
Bakatsine84, gaskiya ne ana faɗa, shi ya sa ake bin hanya. Bari in ba da misali da sashen ajiyar fayil, tunda kusan kowace ma'aikata tana da shi kuma nan ne aka fi jin kukan jama'a. Tsohon da ya yi ritaya yakan yi wata da watanni yana zarya saboda an ce ba a ga fayil ɗinsa ba. Galibi fayil ɗin bai ɓata ba, yana kan teburin wani ne ƙarƙashin wasu goma, kuma babu wanda ya rubuta fitarsa.

Ma'aikacin da ba shi da abin yi zai iya kama wannan. Babban littafi ɗaya, a ja layi gida shida: lambar fayil, sunan mai shi, ranar da ya fita, ofishin da ya tafi, sa hannun wanda ya karɓa, ranar da ya dawo. Masinja ba ya ajiye fayil sai an sa masa hannu. In akwai kwamfuta a kwafe shi cikin Excel kowace yamma, amma littafin ne asali, don wuta na ɗaukewa kuma sa hannu a takarda ba a musun sa. Kowace Alhamis a fitar da shafi ɗaya na fayilolin da suka wuce kwana 14 a teburi ɗaya a kai wa darakta.

Abin da ke kashe shi guda biyu ne. Na ɗaya, mutum ya fara da kansa ba izini. Akwai masu cin abinci da ɓatan fayil, "kawo na goro a nemo maka", kuma cikin mako biyu za su haɗa shi da shugabansa. Saboda haka a fara rubuta takarda gajera, rabin shafi, ta hannun shugaban sashe, a samu amincewa a rubuce, umarnin kuma ya fito da sunan darakta, ba da sunan ƙaramin ma'aikaci ba. Na biyu, a ce za a shigar da duk tsofaffin fayiloli lokaci guda. Mutum ɗaya ba zai iya ba, zai gaji ya watsar. A fara da waɗanda suka motsa daga yau, tsofaffin suna shiga da kansu duk ranar da aka taɓa su. Bayan wata uku, dattijon da ya zo tambaya za a buɗe littafi a ce masa fayil ɗinka na ofishin odita tun ranar kaza. Mai riƙe da littafin nan ya samu amsar tambayar da Abu Safwan ya ce ba shi da ita.

Ɗan_Kwari:
Ku yi haƙuri, ni ban ga dalilin da saurayi mai jini a jika zai ƙare rayuwarsa yana ja wa fayil layi ba. Ya shigo kasuwa. A Kantin Kwari yaron shago in yana da amana, cikin shekara biyar zuwa bakwai ya san atamfa da shadda da leshi, ya san kwastomomin Maraɗi da na Yola, ubangida ya sallame shi ko ya riƙa ba shi kaya bashi yana juyawa. Kullum da yamma yana ganin abin da ya yi a cikin littafin ciniki. Ba sai ya ajiye aikin ba ma, ya sa hannu da safe ya taho.

Barista_Ummi:
Alhaji, wannan shawarar ta ƙarshe tana da haɗari. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na biyar inda aka zayyana ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanarwa ko shiga cikin gudanar da kasuwanci, sana'a ko aikin ƙashin kansa. Noma kaɗai aka ware. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce ke karɓar ƙorafi, kuma akwai kotu ta musamman da ake kai irin wannan. Sayen hannun jari a kamfani ba tare da shiga gudanarwa ba wani abu ne daban. Amma zama a shago a lokacin aiki laifi biyu ne: na kasuwancin da na barin bakin aiki ba izini, wanda shi kaɗai ya isa a ba mutum takardar tuhuma.

Ɗan_Kwari:
Barista, rabin ma'aikatan garin nan suna da shago. Wa aka kama?

Barista_Ummi:
Ba a cika kamawa ba sai ranar da mutum ya taka wani. Ran nan ake zaro ta. Mai neman kwanciyar rai a aikinsa bai kamata ya ajiye wa maƙiyi makami ba. In noma ne ko kiwo, ƙofa a buɗe take.

Almajirin_Zaure:
Akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma ina jin shi ne ke cin mutane da yawa a ɓoye: shin albashin ma ya halatta tunda ba a yi aikin komai ba? Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin wanda aka ɗauka don ya yi wani aiki ayyananne, kamar tela da aka kai wa ɗinki, da wanda aka ɗauki lokacinsa. Na biyun yana cancantar ladansa in ya miƙa kansa a lokacin da aka yi yarjejeniya, ko da wanda ya ɗauke shi bai ba shi abin yi ba. To wanda ya zo a kan lokaci ya zauna har lokacin tashi, laifin rashin aikin ba a wuyansa yake ba. Inda matsala take shi ne zuwa ƙarfe goma da tafiya bayan azahar, alhali yarjejeniyar takwas zuwa huɗu ce. Wani lokacin nauyin da mutum ke ji a ƙirji daga nan yake, ba daga aikin ba.

Sannan niyya. Ya tabbata a Bukhari cewa babu abin da mutum zai ciyar don neman yardar Allah face an ba shi lada, har lomar da zai sa a bakin matarsa. Wanda albashinsa ke riƙe da iyaye da kuɗin makarantar ƙanne bai rasa manufa ba. Amma kada a mayar da wannan hujjar kwanciya, don an ruwaito kuma cewa Allah yana son in ɗayanku ya yi aiki ya kyautata shi. In ya kai ga yanke hukunci, shawara da masu sani tukuna, sannan istihara.

Mai_Lissafi:
Mu koma kan ajiyewar, don in za a yi ta akwai lissafin da ya wajaba. A ce albashinsa naira 120,000 ne kuma gida na cin 110,000. Kafin ya rubuta takardar murabus yana buƙatar kuɗin gida na wata shida a ajiye, wato 660,000, kuma wannan ba jari ba ne, ba a taɓa shi don sayen kaya. Jari daban. Da yawa daga waɗanda ke karyewa sun haɗa biyun ne a asusu ɗaya, sai cefane ya cinye uwar kuɗi cikin wata huɗu suna zaton riba suke ci. Ya kuma lissafa abin da zai rasa wanda ba ya gani a alat: inshorar lafiya in yana ciki, bashin ƙungiyar ma'aikata mara ruwa, adashin ofis, da kason fansho da gwamnati ke zuba masa.

Game da fansho, a ƙarƙashin dokar 2014 ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi na zuba 10. Kuɗin na cikin asusu da sunansa, ba ya ɓata don ya bar aiki, in ya samu wani aikin a ci gaba da zubawa a nan.

Bakatsine84:
Amma ai ba zai taɓa ko kwabo ba sai ya kai shekara 50.

Mai_Lissafi:
Ba haka ba ne gaba ɗaya. In ya bar aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, doka ta ba shi damar neman har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun, da amincewar PenCom, hukumar fansho ta ƙasa. Ragowar ne ke jiran shekara 50. Sai dai mai shekara huɗu a mataki na 08, kashi 25 ɗinsa ba zai buɗe shago ba, kada ya gina lissafi a kai. Kuma wannan na waɗanda ke cikin wannan tsarin ne. Jihohi da dama suna da nasu, Kano da Jigawa misali, don haka ma'aikacin jiha ya je hukumar fanshon jiharsa ya tambayi shekara nawa ake cika kafin a cancanci garatuti, nawa kafin fansho. Mutum kan ajiye saura wata biyar ya cika, ya tafi hannu rabbana.

Nas_Zainabu:
Ina so a kula da wani abu. Rashin aiki ba shi kaɗai ke kashe zuciya ba. A asibitocin ƙauye akwai ma'aikaciyar lafiya ɗaya da ke awon ciki, ta karɓi haihuwa, ta yi rigakafi, ta cika rijista huɗu, kuma babu mai shakkar amfanin aikinta, amma ita ma za ta ce maka ta daina jin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta bayyana wannan gajiyar aiki da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya fara nesanta da aikin ko jin haushinsa, sannan ƙwazonsa ya ragu. Maganin wannan hutu ne da rage kaya, ba ƙarin aiki ba. In aka ba irin wannan shawarar Mai_Fayil an ƙara mata ciwo.

Sannan a bambanta da ciwon damuwa. In rashin jin daɗin bai tsaya a ofis ba, ya bi mutum gida, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, abin da yake so da can kamar ƙwallo ko zaman majalisa ya fita ransa, kuma an wuce mako biyu a haka kusan kullum, to likita zai gani kafin ya taɓa takardar murabus. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa a Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne. Mai wannan hali in ya ajiye aiki ya zauna a gida, abin ƙaruwa yake.

Malama_Rabi:
Wannan gyara ne mai kyau, Sista. Littafin mako huɗun da Baba Akawu ya faɗa zai nuna bambancin: na zaman banza shafinsa fari, na gajiya shafinsa ba wurin rubutu.

Malam_Na_Firamare:
Ga wanda ya gano cewa so yake ya ga amfanin aikinsa da idonsa, aji na neman mutane. Mai digirin da ba na koyarwa ba zai yi difilomar koyarwa ta bayan digiri, ana yi a cibiyar horar da malamai ta ƙasa (NTI) da ke Kaduna da jami'ar karatu daga gida (NOUN) da sassan ilimi na jami'o'i, wasu a ƙarshen mako, sannan ya rubuta jarrabawar hukumar rijistar malamai (TRCN) ya samu rijista. Dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 ko 40 a bakin aiki, maimakon 60 ko 35 na akasarin ma'aikata, sai dai a duba ko jihar mutum ta fara aiki da ita.

Amma kada a yaudari kowa, malami ma yana iya shekara goma bai san ko yaro ɗaya ya koya ba. Abin da ke raba su awo ne. Makon farko na zango a kira yara ɗaya bayan ɗaya, minti biyu kowanne, a miƙa masa takarda mai haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi da ɗan labari da Hausa. A rubuta inda ya tsaya: bai san harafi ba, harafi, kalma, sakin layi, labari. A raba ajin bisa wannan, ba bisa shekaru ba, a ware awa ɗaya kullum kowane rukuni na aikin matakinsa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa wannan salo. Bayan mako shida a sake awon da wata takardar daban mai nauyi iri ɗaya, don in aka maimaita ta farko haddacewa suke yi. Yaron aji huɗu da ya zo bai san "ba" ba, ka gan shi yana sa yatsa a ƙarƙashin kalma yana haɗa "ta-ba-r-ma" har ya ɗago kai ya ce tabarma. Albashin dai ƙarami ne kuma a wasu ƙananan hukumomi yana makara, wannan ba a ɓoye yake ba.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa. A nan Nijar abin ya ɗan sha bamban, malamai da yawa 'yan kwantaragi ne, su burinsu ma a ba su lambar zama cikakkun ma'aikata. Wanda bai san ko za a biya shi a kan lokaci ba bai kai ga wannan tambayar ba tukuna. Amma awon karatun da Malam ya kawo zai yi mana amfani, don yaranmu da Faransanci ake fara musu, da yawa suna kwafar allo ba sa iya karantawa.

Injiniya_Panteka:
Tsakanin "zauna" da "ajiye" akwai koyo. Dokar da Barista ta kawo ba ta hana mutum koyon sana'a bayan tashi daga aiki ba. Daga ƙarfe huɗu da rabi zuwa magariba, da Asabar, ya kai awa 15 a mako. Ya zaɓi abu ɗaya, ya je wurin maigida na gaske, ya yarda a aike shi sayen waya da ɗaukar tsani duk da digirinsa. Wanda ba zai iya wannan ba ya gane da wuri cewa sha'awar sana'ar yake, ba sana'ar ba.

A ɗauki haɗa sola, tunda ita ake rububi. Wata uku na farko lissafin lodi ne: fanka mai wat 70 in ta yi awa 8 ta ci wat-awa 560, wato 70 sau 8, a haɗa na kowane kaya a gidan, daga nan a san girman batir da yawan faranti da inbatar da za ta ɗauka. Masu gaggawa suna tsallake wannan, su sa siririyar waya tsakanin batir da inbata ta yi zafi, ko su haɗa sabon batir da tsoho sabon ya mutu, ko su kafa faranti inda inuwar tankin ruwa ke faɗawa da rana. Kwastoma ɗaya ya yi kuka unguwa ta ji. Bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ana farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya. Sannan ne zai iya cewa ya san abin da zai ajiye aiki dominsa. Da yawa kuma a nan suke gane ba sa so, sun yi asarar yammaci kawai, ba aiki ba.

Maman_Ilham:
Ni ina da ja a kan tushen maganar. Wa ya ce dole sai a ofis mutum zai samu abin da yake rayuwa dominsa? Mata da yawa sun zaɓi aikin da ba shi da nauyi da gangan, don su dawo gida da sauran ƙarfi. Wani kuma ofis ne ke ciyar da shi, amma shi ne ke riƙe da lissafin islamiyyar unguwa, ko kwamitin gyaran rijiyar burtsatse, ko yana koya wa 'yan aji shida lissafi ranar Asabar. In an cika haƙƙin lokacin aiki kamar yadda Almajirin_Zaure ya ce, ban ga aibu ba.

Malama_Rabi:
Hajiya, babu aibu, kuma ga wasu hakan ya wadatar. Abin tsoron shi ne ƙwarewa. Mai shekara 28 in ya yi shekara goma bai taɓa aikin fanninsa ba, abin da ya karanta ya zube, kuma ranar da aka yi tankaɗe da rairaya ko aka haɗe ma'aikatu ba shi da abin sayarwa. Ko zai nemi gamsuwa a waje, ya riƙe abu ɗaya a cikin aikin da ake cewa sai wane.

Abu_Safwan:
Allah ya saka da alheri, an ƙaru. Baba Akawu, saura wanda ka ce an ajiye shi ba a fanninsa ba. Ta wace hanya zai nemi a mayar da shi ba tare da an ɗauke shi mai taurin kai ba?

Tsohon_Akawu:
Da farko ya tabbata an tabbatar masa da aiki, wato ya gama shekara biyun gwaji ya karɓi takarda, don kafin nan ba shi da ƙafar neman komai. Sannan ya nemi jadawalin ayyukan kujerarsa a rubuce. Sau da yawa akwai shi a fayil, ba a taɓa nuna masa ba ne. In ya ga da gaske babu abin da ya haɗa shi da karatunsa, ya fara zuwa sashen da yake so ya gaisa da shugabansu, ya ji ko suna da gurbi. Takarda ba ta tafiya in can ba a san da kai ba. Bayan nan ya rubuta zuwa ga babban sakatare ta hannun shugaban sashensa da darakta, kada ya tsallake kowa. Shafi ɗaya: lambar fayil, ranar fara aiki, mataki, abin da ya karanta, sashen da yake nema da aikin da zai yi musu. Kada kalmar ƙorafi ko ɗaya ta shiga, kada ya ce ba a ba shi aiki, don wanda zai sa hannu a kai shi ne wanda bai ba shi ba. Ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa, ya bibiya bayan mako uku.

In cikin ma'aikatar babu, akwai aro zuwa wata hukuma na ɗan lokaci, shekarun aikinsa na ci gaba da ƙirguwa. Akwai hutun karatu, da albashi ko babu. Kuma ya lura da lokacin ƙarin girma: daga mataki na 07 zuwa 14 shekara uku-uku ne, kada ya nemi sauyi ana saura wata biyu jarrabawa, sunansa ya faɗi tsakanin ofis biyu.

Ɗan_Kwari:
Duk wannan zaryar takarda, Baba, da a kasuwa ya yi ta da ya san kan kaya. Ni dai ina nan a kan bakana.

Bakatsine84:
Alhaji, shago nawa aka rufe a layinku tun da dala ta tashi? Baba Akawu, hutun karatun nan mai albashi, in mutum ya dawo zai iya ajiyewa nan take?

Tsohon_Akawu:
A'a. Kafin ya tafi zai sa hannu a yarjejeniyar cewa zai dawo ya yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru, da masu tsaya masa. In ya karya, shi ko su za su biya abin da aka kashe. Yawan shekarun na cikin takardar, ya karanta kafin ya kai wa kawunsa ya sa hannu. Kuma kwas ɗin sai an amince da shi tun kafin ya fara, in ba haka ba ya dawo da digiri na biyu a ce ba a san da shi ba, ba za a sa masa a fayil ba.

Nas_Zainabu:
A fannin lafiya ma haka ne, kuma can sun fi tsanantawa saboda masu fita waje. A tambayi sashen horaswa kafin a sayi fom.